Hanyar Gumel da Motocin da Wasu Suka Gama Hawa

Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, amma tun Laraba hanya take shaidawa. Daga tashar 'Yankaba a Kano, ka bi ta Gezawa, ka wuce Gujungu har ka faɗa ƙasar Gumel, abin da za ka yi ta gani shi ne tireloli fanko suna sheƙa gudu sun yi arewa, da J5 da suka karkace saboda lodi, da kantoci maƙare da buhuna. Daren Alhamis su juyo da shanu da raguna, wasu ba za a sauke su ba sai Legas ko Fatakwal. Ni ba cinikin dabba ne ya fito da ni ba. Ɗaurin aure aka gayyace ni a Ɗanzomo, a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, na ga tunda an riga an taso, gara in biya ta kan iyaka in ga yadda take ciki.

Sharon na samu. Mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure shi da igiya. Direban dattijo ne, yaran tasha suna ce masa Baba, kuma yana ji da motarsa. Da muka fita gari na yaba yadda take jan kaya, sai ya daki sitiyari ya ce, "Malam, ai ƙirar Jamus ce. Bajamushe ba ya wasa da ƙarfe."

Ban musa masa ba, don ba a musu da direba a kan motarsa kana cikinta. Amma ba a Jamus aka ƙera Sharon ba. Kamfanin dai na Jamus ne, Volkswagen, sai dai masana'antar tana Palmela, kudu da Lisbon a ƙasar Fotugal, kuma a 1995 ta fara fitar da wannan mota. Volkswagen da Ford ne suka haɗa jari suka gina ta, shi ya sa bakanike yake iya cire kaya da yawa daga tsohuwar Ford Galaxy ya sa wa Sharon su zauna daram. To me ya kai Jamusawa da Amurkawa Fotugal, ƙasar da jihar Kano ma ta fi ta yawan jama'a? A 1986 Fotugal ta shiga kasuwar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai. Da haka motar da aka haɗa a Palmela ta samu damar shiga Jamus da Faransa da Italiya ba a biya mata ko kwabo na fito ba. Ga ladan ma'aikaci bai kai na Jamus ba, ga tallafin da Turai ke bai wa sababbin shiga. Sai da aka sa hannu a takarda sannan aka haƙa harsashin gini. Motar ta yi ƙuruciyarta tana kai 'ya'yan wani makaranta a can, da ta tsufa aka loda ta a jirgin ruwa, yau ga ta tana hawa jigawa da mu da buhunan wani ɗan kasuwa.

Bayan Gujungu ƙasa ta buɗe. Kaka ce, an yanke gero, an ɗaɗɗaure riɗi an tsayar yana shan rana, gonakin zoɓo sun yi jawur, mata da yara suna ta cira. A ƙasar Gagarawa ne layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa, wanda aka kammala a 1930. Turawa ba don a kai mutanen nan ziyara suka shimfiɗa shi ba, gyaɗa da fata suke son fitarwa zuwa bakin teku. Yanzu riɗi da zoɓo sun gaji gyaɗa, tirela ta gaji jirgi, amma fasalin cinikin yana nan yadda yake: abin da ƙasa ta tsirar ya fita ɗanye, abin da wasu suka ƙera ya shigo. Shingayen hanya kuwa ba sai na faɗa ba, duk wanda ya bi ta nan ya san su.

Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, tana da nisan kimanin kilomita 120 daga Kano. Nan ce fadar masarautar da ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma tun 1980 Mai Martaba Ahmad Muhammad Sani yake kan gadonta. Da la'asar na sauka. Mai masaukina zai karɓi motarsa daga wajen gyara, don haka garejin bakanike ne wurin da na fara zama a garin. A nan na tarar da wata Fijo 504 a-kori-kura, an buɗe bonet, yara biyu sun kwanta a ƙarƙashinta, baƙin mai har gwiwar hannu. Fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa fara ce ko ruwan toka, an ƙara mata ganyen sifirin a baya don ta ƙara ɗaukar kaya, maƙullin ƙofar kuwa wani guntun waya ne. Ogan garejin ya ga ina leƙenta, ya goge wani ɗan faranti na ƙarfe da babban yatsansa ya nuna mini. "Yallaɓai, wannan 'yar Kaduna ce, ba 'yar Kwatano ba. Ta girmi duk yaran nan."

'Yar Kaduna. Akwai lokacin da wannan magana ba abin mamaki ba ce. A 1972 aka yi rajistar kamfanin PAN tsakanin gwamnatin tarayya da Peugeot ta Faransa, a 1975 motoci suka fara fitowa daga Kakuri a Kaduna. A wannan shekara Volkswagen ta fara haɗa motoci a Legas. Kafin shekarun 1980 su yi nisa an samu Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu, da Fiat a Kano, wato NTM ta hanyar Zariya. Sharaɗin gwamnati a fili yake: in kana son kasuwar Najeriya, ka zo ka haɗa a nan. Cikakkiyar mota aka lafta mata haraji, shigo da ita sai da lasisi, sannan gwamnati ta zama babbar mai saye. A mulkin Janar Obasanjo 504 ce motar manyan jami'an gwamnati.

Abin da ba kowa ke tunawa ba shi ne yadda sassan motar ke isowa. A 1975 ɗaruruwan jiragen siminti sun toshe tashar ruwan Legas, ba a iya dogara da ita. Sai aka koma sama: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa kwaso sassan Fijo daga Liyon suna saukewa a filin jirgin saman Kano, daga nan manyan motoci su kai Kaduna. Labari ne mai daɗin ji, amma a cikinsa raunin yake. Injin da giya da yawancin ƙarfen daga Faransa suke, da kuɗin waje ake biyansu, alhali motar da naira ake sayar da ita, kuma a cikin ƙasa ɗaya. Muddin kuɗin mai na shigowa, lafiya lau. Da farashin mai ya faɗi, aka zo da SAP a 1986 a mulkin Janar Babangida, naira ta karye, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin malamin makaranta da sakataren ƙaramar hukuma da a da suke saye da bashin mota. Tsofaffin motocin Turai suka malalo. A shekarar da Fotugal ta samu ƙofar shiga kasuwar Turai, a shekarar katangar da ta kare Kakuri ta fara zubewa. PAN ta daure, ta ci gaba da haɗa 504 shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. An sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2006, a 2012 kuma hukumar AMCON ta karɓe ta saboda bashi.

Kafin a gama wa mai masaukina gyara na zagaya garejin ina karanta lambobin shasi. Wannan al'ada tawa ce, kuma ina ba masu sha'awa shawarar su gwada. Lambar haruffa da alƙaluma 17 ce, a motocin Amurka ana hango ta ta ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, farkonta kuma yakan nuna ƙasar da mota ta fito. J na Japan ne, W na Jamus, VF na Faransa, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada, 3 na Meziko. (Ba a rasa masu ɓad-da-kama. Sharon da W take farawa, don haka Baba direba yana da 'yar hujjarsa.) Na ga Camry mai farawa da 4, na ga Corolla mai farawa da 2. Duka Toyota ne, kuma masu su za su rantse maka 'yan Japan ne. Dalilinsu ya koma 1981, lokacin da Amurka ta matsa wa Japan lamba har ta amince ta taƙaita yawan motocin da take tura mata. Japanawa suka ce to, tunda motar da ta tsallako teku ake ƙirgawa, bari mu tsallaka da masana'antar. Honda ta fara ƙera mota a Ohayo a 1982, Toyota ta buɗe tata a Kentaki a 1988. Hilux ɗin wani ofishi da aka kawo sabis ita kuma da AHT ta fara, wato daga Durban take a Afirka ta Kudu, ƙasar da ke da yarjejeniyar ciniki da Turai, wadda kuma dokar AGOA ta 2000 ta buɗe wa motocinta kasuwar Amurka. A gareji ɗaya na ga aikin takardu uku ko huɗu, babu ko ɗaya da aka rubuta da mutumin Gumel a zuciya.

Da safiyar Alhamis na nufi Maigatari. Kara ta cika tun hantsi. Shanu farare da jajaye masu dogon ƙaho, raƙuma a durƙushe suna tuƙa, dawaki da jakuna, tumaki Uda masu rabin jiki fari. Fulani da sanda a kafaɗa, Buzaye da rawani har hanci, Mangawa, fatake daga kudu, 'yan canji da damin naira a hannu ɗaya da sefa a ɗaya. Ƙura tana tashi har ka ji ta a haƙori. Dillali ya ja mai dabba gefe, ya ja mai saye gefe, ya dawo ya haɗa hannuwansu, a ce an sallama, ya karɓi la'adarsa. Dabbobi da yawa daga Nijar suke, ta Adare da Dungas da Magarya har can bayan Damagaram. Masu su in sun sayar sai su sayi hatsi da kayan masarufi su juya. Wannan ciniki ya girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata, kuma ko an rufe ƙofa saniya ta san hanyar jeji.

Mota ma ta koyi hanyar jeji. A wata rumfar shayi aka haɗa ni da wani Alhaji da ya daɗe yana harkar motocin Kwatano kafin ya koma sayen riɗi. Ya jero mini hanyar ba gargada: Kwatano, Faraku, Malanbil, a haye gada zuwa Gaya, sai Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, masu yin gabas su wuce Damagaram. Na ce, "Alhaji, ga Legas da tashar ruwa, me ya sa sai an zagaya ta ƙasashe biyu?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, ai ba nisa ake aunawa ba, fito ake aunawa."

Gaskiyarsa. Jamhuriyar Benin ta daɗe tana sauke motocin da suka ninka buƙatar mutanenta, ita da Nijar suna cin kuɗin wucewa, kowa kuma ya san inda motocin za su ƙare. Duk sanda Najeriya ta ɗaga katanga, wannan hanya sai ta ƙara albarka. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da sabuwar manufar motoci, wadda ta tanadi harajin kashi 35 cikin ɗari da ƙarin wani kashi 35 a kan cikakkiyar mota, da rangwame mai yawa ga wanda ya shigo da sassa ya haɗa a gida. Kamfanoni suka motsa. Nissan ta fara haɗa mota a Legas a 2014, Ford da Honda suka biyo baya a 2015. An raba lasisi birjik, kuma a ganina da yawa daga masu lasisin taya da bamba kawai suke ɗaurawa a motar da ta zo kusan a gama, su ci rangwamen. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa gaba ɗaya. A 2019 shugaban ya ƙi sa hannu a ƙudirin da zai mai da manufar doka. Sannan dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin harajin nan ya koma kashi 5. Wanda ya zuba jarinsa bisa lissafin 2013, kafin shekara takwas an sauya masa lissafin.

Na taka har bakin iyaka, inda aka gitta ƙarfe. Ƙofar ba ta da wani kwarjini, amma tarihinta na 'yan shekarun nan ya isa a karanta. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Maigatari na ciki. Ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Mfum da Maigatari. Sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake garƙamewa, sai a Maris na 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Nijar kuma ta bar iyakarta da Benin a rufe bayan an ɗage takunkumi, kayanta suka koma bi ta Lome da Burkina, tsohuwar hanyar su Alhaji ta tsinke a gadar Gaya. A Legas aka kafa ECOWAS a 1975, shekarar da Fijon Kaduna ta fara fitowa, da burin kayan da aka ƙera a ƙasa ɗaya su ratsa sauran ba shamaki. Wanda zai kafa masana'antar mota lissafin shekara goma ko ashirin yake yi. Ko mai shayi ba ya kafa teburinsa a bakin ƙofar da bai san ranar buɗe ta ba.

A gefen gari akwai yankin ciniki marar haraji da aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Tunanin ba laifi: a killace fili a bakin iyaka, a yafe wa mai masana'anta haraji, ya sarrafa kaya ya sayar wa Nijar da na bayanta. An yi katanga, an yi rumfunan masana'antu, amma cikowar da aka yi mafarki ba ta zo ba. Abin da ke motsi a garin shi ne riɗi da zoɓo. Na tsaya a wani sito ina kallon mata suna tsince zoɓo a kan tabarmi, suna ware kara da tsakuwa, tafin hannunsu ya rine, maza suna danna shi a buhu suna ɗinkewa. Babbar mai sayen wannan zoɓo Meziko ce, can ma jiƙa shi suke yi su sha. Akwai lokacin da ta dakatar da karɓar na Najeriya saboda ƙwarin da aka samu a ciki, manoman nan suka ji a jikinsu.

Ita wannan Meziko da ke shan zoɓon Jigawa tana cikin manyan masu ƙera mota a duniya, ba kuwa don tana da wata Fijo ko Toyota ta kanta ba. A 1994 yarjejeniyar NAFTA ta haɗa ta da Amurka da Kanada. Sharaɗin shi ne mota ta wuce ba haraji in kashi 62.5 cikin ɗari na darajarta a cikin ƙasashen uku aka samar. Jamusawa da Japanawa da Koriyawa da Amurkawan kansu suka yi ta gina masana'antu a can, masu yin waya da kujera da gilashi suka bi su. A Yulin 2020 aka sabunta yarjejeniyar, aka ɗaga sharaɗin zuwa kashi 75. A wannan sharaɗi na asalin kaya maganar take, don shi ne yake tilasta wa kamfani ya sayi kayan gida maimakon ya kawo mota a kwali ya ɗaura mata taya. Su ma dai ba su tsira daga sauyin ra'ayin shugabanni ba: a Afrilun 2025 Shugaba Trump ya sa harajin kashi 25 a kan motocin da ake shigarwa Amurka, kamfanoni suka shiga sake lissafi.

Misalin da ya fi yi mini ciwo shi ne na Maroko. Yarjejeniyarta da Tarayyar Turai ta fara aiki a 2000, ta ƙulla wata da Amurka wadda ta fara aiki a 2006, ta buɗe tashar ruwan Tanja a 2007. Renault ta buɗe katafariyar masana'anta kusa da Tanja a 2012. Ita kuwa Peugeot, wadda ta san Kaduna tun 1975, da ta tashi gina babbar masana'antarta ta zamani a Afirka, Kenitra ta zaɓa, aka buɗe a 2019. Mutanen Maroko ba su kai miliyan 40 ba, mu mun haura miliyan 200. Ashe ba kawuna kamfanin yake ƙirgawa ba, ƙofofin da motarsa za ta ratsa ba fito yake ƙirgawa, da kwanakin da za ta yi kafin ta isa. Ba ina cewa takarda kaɗai ta isa ba. Da babu wuta da layin dogo da tashar ruwa mai aiki, da takardar Maroko tana nan a durowa. Ba kuma ina cikin masu cewa a wangale ƙofa kowa ya shigo ba. Najeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar EPA da Turai don tsoron kada kayan Turai su kashe 'yan masana'antun da suka rage, kuma tsoron yana da tushe. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne ba mu riƙe katangar ba, ba mu riƙe ƙofar ba.

Ɗanzomo na isa ranar ɗaurin auren da hantsi. Gari ne na manoma, gero a rumbu, riɗi a buhu, amalanken shanu suna shigowa da kara daga gona. Motocin da suka taru a ƙofar gidan duk na baƙi ne daga Kano da Dutse da Gumel. Abin hawan mutanen gari babur ne. Boksa jere a inuwa, wasu da ledar kamfani har yanzu a jikin kujera, don kaka ta yi kyau ga wasu. Bayan an shafa fatiha an raba goro da dabino, na bi wani ƙanen ango zuwa bakin hanya, inda na tarar da wani saurayi ya farke kwali a gindin darbejiya yana haɗa sabon babur ɗan Chana. Firam da injin a haɗe suka zo. Shi ne ya sa tayar gaba, ya ɗaura kan, ya ja wayoyin birki da kuloci, ya zuba wa batir ruwa. Kusoshin ya juye su a murfin kwano don kada yashi ya haɗiye su, sifana uku kacal gare shi da filaya. Ya tsiyaya fetur daga kwalba, ya taka kik sau biyu, babur ya tashi, mai shi ya miƙa masa kuɗin haɗi yana murmushi.

A duk tafiyar nan wannan ne abu mafi kusa da masana'antar haɗa abin hawa da na gani, kuma ba raini nake yi ba. Dalilin da ya sa babur ke zuwa a warwatse shi ne dalilin da ya sa Fijo ta zo Kano a warwatse: ya fi sauƙin dako, kuma harajin sassa bai kai na cikakke ba. Innocent Chukwuma na Nnewi da harkar babura ya fara kafin ya buɗe masana'antar motocin Innoson a 2010. Tazarar da ke tsakanin saurayin nan da Nnewi jari ne da wuta da kasuwa mai faɗi.

Kasuwa mai faɗin ita ake cewa yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka za ta samar. A Kigali aka ƙaddamar da ita a Maris na 2018. Najeriya ta yi ta jan ƙafa, sai ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu, a Yamai kuwa, babban birnin ƙasar da ke bayan ƙarfen nan na Maigatari. A watan da ya biyo baya ya rufe iyaka. A takarda an fara ciniki ranar 1 ga Janairun 2021, amma mota da kayan masaƙa suna cikin abubuwan da aka ɗauki shekaru ana ja-in-ja a kan sharaɗin asalinsu, don ƙasashen da ke da masu ƙera sassa, irin su Afirka ta Kudu, ba buƙatarsu ɗaya da masu ɗaura taya ba. Kafin a gama wannan muhawara Gana ta fito da manufarta a 2019, Volkswagen ta fara haɗa mota a Akara a 2020, Toyota a Tema a 2021, Nissan a 2022, a ƙasar da ke riƙe da sakatariyar yarjejeniyar. Mu ma an ɗan motsa: a 2022 kamfanin Dangote da Peugeot ya fara haɗa 301 a wata sabuwar masana'anta a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021, ko da yake ta Kazaure da Daura da Katsina zai bi, ba ta Gumel ba. Ranar da motar da aka haɗa a Kaduna za ta bi ta Maigatari a kan tirela, da takardarta, a sayar da ita a Damagaram ba fito, ranar ce zan yarda maganar ta fita daga ɗakin taro.

Da yamma ana cin tuwon biki, kawun ango, wanda ya samu riɗi sosai bana, ya ji ana cewa na san kan mota, sai ya matso. Ya ce yana son abin da zai riƙa kai masa kaya Gumel da Maigatari, ya gaji da biyan kuɗin lodi. Na ce, "Baba, akwai sababbi da ake haɗawa a Kaduna." Ya tambayi kuɗin, wani daga cikin baƙin Kano ya faɗa masa abin da ya ji ana sayarwa. Dattijon ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya ce ko gonar ya haɗa da shanun ba za su kai ba. Zai jira ya ga inda farashin riɗi zai tsaya da yadda dala za ta kwana. In abin ya yi, ɗansa zai je Kano ya duba masa Golf mai lafiyar inji, a biya kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo mata shokoba masu ƙarfi. In bai yi ba, ya ƙara Boksa guda.